Filashin da Direba Mara Hatimi: Tarihin Wata Sana'ar Gyaran Waya daga Kano zuwa Belel

Gyaran wayar hannu a Arewacin Najeriya ya rabu gida biyu tun farkonsa. Akwai masu gyaran jiki, waɗanda ke canza gilashi da bakin caji da lasifika, suna aiki da dalma da injin iska mai zafi. Akwai kuma masu filashin, waɗanda aikinsu shi ne goge manhajar da ke cikin waya su zuba mata sabuwa daga kwamfuta ta hanyar kebul. Wayar da ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, da wadda ke kashe kanta tana kunnawa, da wadda mai ita ya manta lambar sirrinta, duk wurin mai filashin ake kai su. Wannan rabin sana'ar ya rataya ne a kan wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira direba. Tarihin filashin a Kano da Yola da Mubi, har zuwa garuruwan bakin iyaka irin su Belel, ya tafi kafaɗa da kafaɗa da tarihin yadda kamfanin Microsoft ya yi ta tsaurara sharuɗɗan shigar direba cikin Windows.

Direba shi ne ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da na'urar da aka jona mata. Firinta tana da nata, haka kyamara da modem. In babu shi, kwamfuta za ta ji an soka mata abu a ramin USB amma ba za ta san mene ne ba, sai ta nuna shi da alama mai ruwan ɗorawa a jerin na'urorinta. Abin da ya bambanta shi da sauran manhajoji shi ne wurin zamansa. Manhajar rubutu ko ta kallon fim daga waje take aiki, in ta lalace ita kaɗai za ta rufe. Yawancin direbobi kuwa a can cikin zuciyar Windows suke, inda babu shamaki tsakaninsu da ma'ajiyar kwamfuta da duk abin da mutum ke bugawa. Direba mai kuskure yakan kayar da kwamfuta gaba ɗaya ta nuna shuɗin allo. Direba mai mugun nufi kuma yana iya ɓoye ɓarawon bayanai yadda ko manhajar kashe bairos ba za ta gan shi ba.

Saboda haka aka fito da hatimi. Wani lissafi ne da kamfanin da ya rubuta direban yake yi a kan fayilolinsa da makullin sirri nasa, sannan ya liƙa sakamakon a jikinsu tare da takardar shaida daga wata hukuma da Windows ta yarda da ita. In aka canza ko harafi ɗaya a cikin fayilolin, lissafin ba zai ƙara yin daidai ba. Kamar hatimin sarki ne a kan wasiƙa: yana tabbatar da wanda ya aiko ta da kuma cewa ba a taɓa ta a hanya ba, amma ba ya cewa abin da ke cikinta alheri ne. Wannan iyaka ta hatimi ita ce tushen yawancin gardamar da ta biyo baya.

Sana'ar ta soma ne da zuwan wayar salula. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan tarho a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Globacom ya shigo a Agustan 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, farashin layi ya faɗo, waya ta fita daga hannun masu kuɗi ta shiga kasuwa da tasha da ƙauye. Yawancin wayoyin farko na hannu ne daga Turai, kuma da yawansu a kulle suke a kan layin wani kamfani na can. Buɗe irin wannan kulli shi ne aikin farko da ya kawo kwamfuta teburin mai gyara. Computer Village ta Ikeja a Legas ta zama uwar kasuwar, Kano kuma ta zama cibiyar Arewa, da shagunan titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre a ƙaramar hukumar Tarauni. Daga irin waɗannan wurare kaya da fayiloli da yaran da suka gama koyo suka riƙa bazuwa zuwa sauran jihohi.

Zamanin Nokia zamanin bokis ne. Wayoyi irin su 3310 da 1100 mai tocila ba su da ramin USB, sai wasu 'yan ɗigogin tagulla a ƙarƙashin batir. Kowace waya da irin kebul ɗinta mai allurai da ke taɓa ɗigogin, kebul ɗin yana shiga bokis, bokis kuma yana shiga kwamfuta. UFS da JAF su ne suka fi suna, daga baya Cyclone da ATF suka biyo. Ƙananan kamfanoni ne ke ƙera su a ƙasashe daban-daban, ba da izinin Nokia ba, kuma ba kasafai suke damuwa da kai direbobinsu gwajin Microsoft ba. A lokacin wannan bai dami kowa ba. Windows XP, wadda ta fito a Oktoban 2001, gargaɗi kawai take yi cewa direban bai ci jarrabawar Microsoft ba, ta ajiye maɓalli biyu, na tsayawa da na ci gaba. Akwai ma wurin da mai kwamfuta zai zaɓa da kansa ko Windows ta yi shiru, ko ta yi gargaɗi, ko ta hana. Duk yaron shago ya san maɓallin ci gaba ake dannawa. Tsararrakin masu gyara na farko sun tashi suna ganin gargaɗin a matsayin ɓata lokaci, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe bayan dalilinta ya wuce.

Abin da ya sauya kasuwar shi ne wayar Caina. Kamfanin MediaTek na Taiwan, wanda aka kafa a 1997, ya shiga harkar waya a 2004 da wata dabara: maimakon ya sayar da furosesa kaɗai, sai ya haɗa da manhaja da zanen allon waya gaba ɗaya, ta yadda ƙaramin shago a Shenzhen zai iya ƙera waya da ma'aikata kaɗan. Spreadtrum na Shanghai, wanda yanzu ake kira Unisoc, ya bi sahu. Wayoyin da suka fito daga wannan tsari suna da ƙarar lasifika da rediyo da tocila, kuma mafi muhimmanci, suna ɗaukar layi biyu.

Layi biyu ya yi wa kowa amfani a ƙasar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, amma a bakin iyaka ya fi ƙarfin amfani, ya zama larura. Belel gari ne a ƙaramar hukumar Maiha, kudu da Mubi, a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Yana cikin yankin da Jamus ta mulka kafin Yaƙin Duniya na Farko, Ingila ta riƙe shi amana daga baya, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 da ta shigar da Arewacin Kamaru cikin Najeriya a matsayin Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Iyakar ba ta raba dangi ba, ba ta kuma raba ciniki ba. Fulatanci da Hausa suna tafiya a ɓangarorin biyu, shanu da hatsi da kayan masarufi suna ƙetarawa, ana lissafi da naira da sefa. Ɗan kasuwar da ke da abokan hulɗa a Mubi da Garwa yana bukatar layin Najeriya da na Kamaru a aljihu ɗaya. Kamfanin Tecno, wanda aka kafa a Hong Kong a 2006 ya mayar da hankalinsa kan Afirka daga 2008 da Najeriya a sahun gaba, ya gina kasuwarsa a kan wannan bukata da kuma batir mai jure rashin wuta. Uwar kamfanin, Transsion, ta ƙara da itel da Infinix, kuma a 2017 ta wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Kusan dukkan waɗannan wayoyi furosesan MediaTek ko na Spreadtrum ne a cikinsu. Da haka direbobin waɗannan kamfanoni biyu suka zama abincin yau da gobe na mai filashin a Adamawa.

A daidai lokacin da wayar Caina ke shigowa Microsoft ya fara rufe ƙofa. Bincikensa na rahotannin faɗuwar kwamfuta ya nuna cewa mafi yawan shuɗin allo daga direbobin wasu kamfanoni yake zuwa, ba daga Windows kanta ba. A 2005 kuma aka gano cewa kamfanin waƙoƙi na Sony BMG yana sayar da faifan CD da ke shigar da ɓoyayyen direba cikin kwamfutar mai saye don hana kwafi, kuma masu rubuta bairos suka fake a bayansa. Da Windows Vista ta fito a Janairun 2007, nau'inta mai bit 64 ya ƙi ɗaukar duk direban da zai shiga zuciyar tsarin in ba shi da hatimi. Nau'i mai bit 32 bai samu wannan doka ba. An bar hanyar kauce wa dokar saboda masu rubuta direba su iya gwaji: a danna F8 lokacin da kwamfuta ke tashi, a zaɓi dakatar da binciken hatimi na wannan tashin kaɗai. Windows 7 ta 2009 ta gaji tsarin yadda yake.

Masu gyara a nan ba su ji zafin wannan mataki sosai ba. Kwamfutocin da ke hannunsu tsofaffi ne 'yan gwanjo, XP ko Windows 7 mai bit 32 ke kansu, kuma ba wanda ke gaggawar canza abin da ke kawo kuɗi. Ko a Windows 7 mai bit 64 akwai sauƙi, domin wasu direbobin waya ba su da sabuwar manhaja a cikinsu ko kaɗan. Fayil ne na bayani mai ƙarewa da INF, wanda ke gaya wa Windows cewa in ta ga na'ura mai lamba kaza, ta yi amfani da direbanta na asali mai suna usbser. Tunda abin da zai shiga zuciyar tsarin na Microsoft ne da kansa, Windows 7 takan nuna jan gargaɗi ta bar mutum ya wuce.

Windows 8, wadda ta fito a Oktoban 2012, ita ce ta toshe wannan hanya. A nau'inta mai bit 64, ko fayil ɗin bayani kaɗai ne sai da hatimi, in babu ta ƙi shigar da shi, babu maɓallin ci gaba. Wannan ya zo daidai da lokacin da wayoyin Android masu araha suka fara cika kasuwa, masu furosesa irin su MT6572 da MT6582 da MT6580. Ana yi musu filashin da manhajar MediaTek mai suna SP Flash Tool, wadda ta fita daga masana'antu ta bazu a intanet tare da direbobin da ake kira VCOM. Kwafe-kwafen da suka fi yawo a hannun masu gyara ba su da hatimi, ko kuma wani ya taɓa fayil ɗin ya ƙara lambar wata waya, hatimin ya karye.

Wahalar direban MediaTek tana da wani salo nata wanda duk mai filashin ya sani. In aka jona wayar a kashe, takan bayyana wa kwamfuta na ɗan lokaci ƙalilan, daƙiƙoƙi kaɗan, a wani yanayi da ake kira firiloda, tana jiran umarni. In ba ta ji komai ba sai ta ɓace ta koma caji. Kwamfutar da ba ta da direban za ta yi ƙarar shigar na'ura, ta yi ƙarar fitarta, shi ke nan, kafin mutum ya kai hannu ya nuna mata inda direban yake wayar ta tafi. Shi ya sa aka koyi shigar da direban tun kafin a jona waya, ta hanyar da Windows ta tanada don tsofaffin na'urori, inda mutum ke nuna mata fayil ɗin da hannunsa. Direban zai zauna da alama mai ruwan ɗorawa da lambar kuskure 10, abin da ke tsorata sabon yaro, alhali ba komai ba ne illa cewa babu wayar da aka jona tukuna. Kowane kamfani yana da lambarsa da kwamfuta ke gane shi da ita: MediaTek 0E8D, Spreadtrum 1782, Qualcomm 05C6, wanda yanayin ceton wayoyinsa ya yi suna da lambar 9008. Gogaggen mai gyara yana duba wannan lamba ya san direban da waya ke nema ko da babu rubutu a jikinta.

Windows 8 ta kuma kawar da F8, domin tana tashi da sauri fiye da yadda yatsa zai riske ta. Sabuwar hanyar ta fi tsawo. Ana riƙe maɓallin Shift a danna sake kunnawa, a bi shafin gyaran matsala zuwa saitin tashi, a sake kunnawa, sannan wani jeri mai lambobi ya fito a danna 7 ko F7. Wannan lamba ta zama darasin farko na yaron filashin, kuma tana da amfani na musamman a bakin iyaka, inda kwamfuta kan zo da Windows ta Turanci ko ta Faransanci: rubutun ya bambanta amma bakwai tana nan a wurinta. Dakatarwar ta tashi ɗaya ce. Abin da ke faruwa bayan an sake kunna kwamfuta ya danganta da irin direban, kuma rashin sanin wannan ya ɓata wa mutane da yawa lokaci. In fayil ɗin bayani ne kawai, ya shiga ke nan, zai ci gaba da aiki, domin lokacin shigarwa kaɗai ake bincikensa. In kuwa direban yana da tasa manhajar mara hatimi da ke shiga zuciyar tsarin, Windows tana bincikenta a kowane tashi, za ta ƙi ta ta nuna lambar kuskure 52, sai an sake bin hanyar bakwai. Akwai hanya ta biyu mai ɗorewa, wato yanayin gwaji da ake kunnawa da umarnin bcdedit, wanda ke barin rubutu a kusurwar allo. Shi ba ya karɓar direba mara hatimi sam, yana karɓar wanda mutum ya buga wa hatimin kansa ne, kuma ba ya kunnuwa sai an kashe kariyar tashi mai suna Secure Boot da ta zo da kwamfutocin zamanin Windows 8.

Martanin yawancin shaguna ya fi duk wannan sauƙi: sabuwar kwamfuta in ta zo, a goge ta a sa Windows 7. Shekaru da dama kwamfutar filashin ta ainihi ita ce tsohuwar laftof ta HP ko Dell mai Windows 7 bit 32. Laftof ɗin ma ba don ƙawa aka fi son ta ba. In wuta ta ɗauke ana tsakar zuba manhaja, waya tana iya mutuwa yadda ko caji ba za ta nuna ba, don haka batirin laftof shi ne inshorar mai gyara a yankin da janareta da sola suka fi wutar gwamnati tabbas.

Shekarun da Windows ta tsaurara doka su ne kuma shekarun da yankin Mubi ya fi shan wuya. A ranar 14 ga Mayun 2013 gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka yanke sabis ɗin waya a jihohin uku, na Adamawa bai dawo ba sai a watan Yuli. Mutanen da ke kusa da iyaka sun dogara da layukan Kamaru a wannan tsakani. A Fabrairun 2014 aka rufe iyakar Adamawa da Kamaru, a ƙarshen Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta kama Mubi, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Jama'a sun watse zuwa Yola da duwatsu da ƙetaren iyaka, kuma waya ce igiyar da ta riƙe iyalai da suka rabu. A irin wannan hali wayar da ta tsaya a kan tambari ba ƙaramar asara ba ce, domin lambobin dangi da hotunansu suna ciki. Ga mutumin ƙaramin gari, gyaran jiki yakan samu a kusa, amma matsalar manhaja sau da yawa sai an aika wayar babban gari a hannun direban mota ko ɗan kasuwa, a jira kwanaki. Duk wanda ya iya shigar da direba a laftof ɗinsa a irin wannan gari ya rage wa mutanensa tafiya da kuɗin mota, kuma wannan shi ne ainihin darajar ilimin da wasu ke ganin ƙarami ne.

Microsoft bai tsaya a kan dokar Windows 8 ba, kuma yana da hujja. A 2010 aka gano Stuxnet, manhajar da ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz. Direbobinta suna ɗauke da hatimi na gaskiya da aka sace daga kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron. Wannan ya nuna cewa barin kowane kamfani ya buga hatiminsa bai isa ba. Windows 10 ta fito a ranar 29 ga Yulin 2015, kuma daga nau'inta na 1607 a 2016, sabon direban da zai shiga zuciyar tsarin dole ya bi ta hannun Microsoft da kansa. Kafin kamfani ya samu damar aikawa sai ya sayi takardar shaida ta musamman, wadda ke cin ɗaruruwan daloli a shekara kuma ba a ba wa kowa sai kamfani mai rajista da aka bincika. An yi wa tsofaffin takardun da aka bayar kafin ranar fitowar Windows 10 afuwa, kuma a 2023 masu binciken tsaro na Cisco Talos suka nuna yadda ɓarayi ke mayar da kwanan watan hatimi baya don su shige ta wannan afuwa. Ga manyan kamfanoni kuɗin takardar ba komai ba ne. Ga ƙaramin mai ƙera bokis ko dongul, ko wanda ya daina sana'ar ya bar kayansa a hannun mutane, shi ne bambanci tsakanin direba mai shiga da mai ƙi.

Hatimi bai taɓa zama tabbacin lafiya ba. A Oktoban 2014 kamfanin FTDI na Sikotilan, wanda kayansa ke cikin bokis da kebul da yawa, ya fitar da direba mai cikakken hatimi ta hanyar sabuntawar Windows, wanda in ya ga jabun kayansa sai ya goge musu lamba su daina aiki. Mutanen da suka saya ba su san jabu ba ne suka wayi gari da matattun na'urori, sai da aka yi ca a kan kamfanin ya janye. Prolific na Taiwan, mai PL2303 da ke cikin kebul ɗin filashin ƙananan wayoyin Caina, shi ma sababbin direbobinsa suna ƙin jabu da tsofaffin samfura, abin da ya sa masu gyara ke adana tsohon direban 2008 suna hana Windows sabunta shi. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma wani direban kamfanin tsaro na CrowdStrike, mai hatimi, ya karanta gurɓataccen fayil ya kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka tsaya, asibitoci da bankuna suka rikice. Duk da haka kuskure ne a ɗauki waɗannan a matsayin hujjar raina hatimi. A dukkan su an san wanda ya yi laifin, an san ƙofar da za a buga, kuma ana iya soke takardarsa. Direban da aka sauko da shi daga wani shafi mara suna ba shi da ƙofar da za a buga.

Kamfanonin waya su ma sun ƙara nasu makullan. Android 5.1 ta 2015 ta zo da kullin da ke neman asusun Google na mai waya bayan an goge ta, wanda masu gyara ke kira FRP. An yi shi don a rage satar waya, amma ya faɗa kan dubban mutanen da mai shago ne ya buɗe musu asusun ranar da suka saya, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba. Cire FRP ya zama babban ɓangare na sana'ar, tare da nauyinsa: mai gyara na kirki yana tambayar rasit ko kwali, domin wayar sata ma ta wannan ƙofa take zuwa, kuma wanda ya buɗe ta ya sa kansa cikin laifin. MediaTek ya fara neman fayil ɗin izini kafin waya ta karɓi sabuwar manhaja. A farkon 2021 wasu masu bincike suka fitar da hanyar tsallake wannan izini, wadda ita ma ta dogara da ɗora wani direba, libusb ko UsbDk, a kan ramin da wayar ke bayyana. Kamfanin ya toshe ramin a sababbin furosesoshinsa. Kayan aikin ma sun canza: daga bokis da ake saya sau ɗaya, irin su Miracle da Volcano da dongul ɗin CM2, an koma manhajojin da ake biya wata-wata ko shekara-shekara da dala, masu bukatar intanet kafin su buɗe. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin waɗannan kayan ya ninka a hannun mai gyaran da naira ake biyansa.

A nan haɗarin da ya fi girma ya shigo. Wanda ba zai iya biyan manhajar asali ba yakan koma ga kirak, wato kwafin da aka fasa wa kulli ana rabawa kyauta. Kusan kowane kirak yana zuwa da umarni iri ɗaya: a kashe manhajar kashe bairos, a kashe binciken hatimi. Kwamfutar da aka yi wa haka ta zama gida mara ƙofa, kuma ita ce ake jona wa wayoyin mutane daga safe zuwa dare. Wayar 2005 lambobi da saƙonni kawai ke cikinta. Wayar yau, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura har mutanen karkara ga tiransifa, tana ɗauke da asusun banki da layin da aka haɗa da lambar NIN. Mai gyaran da ke shiga asusunsa na banki ko na Facebook a kan kwamfutar filashin yana wasa da dukiyarsa, wanda kuma ke kwafe hotuna da lambobin abokin ciniki a kanta yana wasa da amanar da aka ba shi.

Hanyoyin kaucewa suna ta raguwa. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta da nau'in bit 32 ko kaɗan, tana da jerin direbobin da ta haramta ko da suna da hatimi saboda an gano rami a cikinsu, kuma a sababbin kwamfutoci tana kunna wata kariya da ke ƙin tsofaffin direbobi da yawa. Zaɓi na bakwai yana nan har yanzu, sai dai a kwamfutar da aka rufe ma'ajiyarta da BitLocker bin wannan hanya yana iya sa ta nemi dogon makullin ceto, wanda mai sayen laftof ta hannu sau da yawa ba shi da shi. A ɗaya ɓangaren an samu sauƙi: MediaTek da Unisoc da Qualcomm da Samsung duk suna da direbobi masu hatimi da ke shiga Windows 10 da 11 ba tare da an kashe komai ba, kuma kayan aikin da ake biya galibi suna zuwa da su. Yawancin kashe binciken hatimi da ake yi a yau gado ne daga oga zuwa yaro, da kuma tsohon fayil da aka yi ta kwafa daga filas zuwa filas tun zamanin MT6572.

Inda larurar ta rage da gaske shi ne tsohon bokis da tsohon kebul da ƙananan wayoyi masu maɓalli, waɗanda har yanzu su ne a hannun makiyaya da manoma da tsofaffi a ƙasar Maiha da Mubi. Don su, ya dace shago ya ware tsohuwar kwamfuta guda wadda ba ta hawa intanet, ba a shiga banki a kanta, ba a ajiye kayan kowa a cikinta, sabuwar kwamfutar kuma a bar mata kariyarta a kunne. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, dukkansu suna koyar da ilimin kwamfuta, kuma ɗan gajeren horo da Hausa da Fulatanci ga masu gyaran waya na garin da na kewayensa, a kan yadda ake duba hatimin direba da inda ake samun na asali, abu ne da ke cikin ikonsu da na ƙungiyoyin masu gyaran. Mai waya kuma, kafin ya miƙa ta a yi mata filashin, ya cire layinsa da katin ajiyarsa, ya rubuta asusun Google ɗinsa da kalmar sirrinsa a takarda ya adana a gida, ya kuma riƙe rasit ɗin sayenta.